3 ga Agusta

3 ga Agusta ita ce rana ta 215 a shekarar miladiyya, in shekara mai kwana 366 ce sai ta zama ta 216, daga ita saura kwana 150 shekara ta ƙare. A nan Damagaram tana faɗowa tsakiyar damina, gero ya yi tsawo, ƴan lakwal suna hutu, hanyoyin ƙauye duk taɓo. A Nijar ba sai an yi wa kowa bayani ba, ranar samun mulkin kai ce kuma ranar dashen itace, amma ba mu kaɗai muke da labari a cikinta ba, akwai juyin mulki har biyu a Afirka, akwai ƙwallon da har yau tsofaffin ƴan balo ba su gaji da ba da labarinta ba.

Samun mulkin kai, 1960

Ranar Laraba 3 ga Agusta 1960 ne Diori Hamani ya yi shelar ƴancin Nijar a Yamai. Ba mu kaɗai ba ne a wannan sati, ƙasashe huɗu na ƙawancen Antanti jerawa suka yi kwana bibbiyu tsakani, Dahome wato Benin ta yanzu ran 1, Nijar ran 3, Haute-Volta wato Burkina ran 5, Kodibuwa ran 7. Ran 20 ga Satumba kuma aka karɓi Nijar a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai dai wanda zai fahimci wannan rana dole ya koma 1958. Ran 28 ga Satumba na shekarar De Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, ko a zauna cikin tarayyar Faransa ko a fita nan take. Djibo Bakary da jam'iyyarsa Sawaba, wanda a lokacin shi ke riƙe da gwamnati, suka ce a'a, a fita. Faransa ta sa ƙarfinta duka, sarakuna da dama suka juya masa baya, "i" ta ci, Gini ta Seku Ture kaɗai ta fita. Daga nan Djibo ya faɗi, ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa jamhuriya Diori na PPN-RDA ya hau, a 1959 aka haramta Sawaba gaba ɗaya. To ka ga mutumin da ya fara neman ƴancin yana gudun hijira ranar da aka samu, waɗanda suka ce a dakata su suka karɓi tuta. Sawaba kuwa tana da jama'a sosai a nan gabas, Damagaram da Tasawa da Maradi, shi ya sa in ka zauna da dattawan Birni ko Zango labarin 1960 ba iri ɗaya suke ba da shi da na littafin lakwal ba.

Ga kuma wani tsohon miki, Zinder ce babban birnin mulkin Nasara daga 1911 har 1926 da aka kwashe aka kai Yamai. Da ba a kwashe ba, da a nan aka yi shelar. Diori ya yi mulki har 15 ga Afrilu 1974 da Seyni Kountché ya kifar da shi, bayan fari da yunwar da suka cinye dabbobi da mutane.

Ranar itace

Wannan farin ne ya haifi sallar itace. Tun 1975 zamanin Kountché aka haɗa bikin ƴanci da dashen itatuwa, shugaban ƙasa ya dasa, gwamna ya dasa, perfe da magajin gari da sarki kowa ya riƙe ɗan dashensa a ɗauki hoto. Dabarar zaɓen lokacin ta yi kyau tunda ƙasa a jiƙe take, ruwan Agusta zai riƙe shukar kafin rani. Matsalar bayan hoton take, in babu shinge awaki ba su san ranar ƙasa ba, in babu mai ban ruwa watan Afrilu zai gama da sauran. Dogon yaron da ke bakin tituna da harabar makarantu da ofisoshi dai da yawansu daga irin wannan dashe suka samu, wannan ba a musu.

Amma a ganina babban aikin ba a filin biki aka yi shi ba, a gonaki aka yi. Daga shekarun 1980 manoman Maradi da kudancin Damagaram, Magarya da Matamaye da Mirya, suka daina tumɓuke kututture in suna sharar gona, sai su bar toho biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, abin da ake cewa sassaben zamani. Saiwar tana nan a ƙasa da ranta tun da can, ba ta neman leda ba ta neman bokiti. Da can manomi yana ganin itacen gonarsa na gwamnati ne, in ya taɓa ma'aikatan gandun daji su ci shi tara, to me zai sa ya kula da shi. Da aka sassauta wannan sai abu ya canza. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a fili kimanin eka miliyan 5 na faransi, kuma gawo ne sarki a ciki, don shi da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi ƴaƴansa.

3 ga Agusta 2023

Wannan kowa ya gani da idonsa. Kwana takwas bayan sojojin CNSP sun tsare Mohamed Bazoum ran 26 ga Yuli, bikin ƴanci ya zo ran Alhamis, dubban mutane suka fito a Yamai suna goyon bayan sojoji suna cewa Faransa ta tafi. A ranar aka katse RFI da France 24, da dare kuma aka karanta sanarwa a talabijin cewa Nijar ta soke yarjejeniyoyin soja da Faransa, guda biyar, waɗanda aka sa wa hannu tsakanin 1977 da 2020. A daren ne tawagar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, har da Sarkin Musulmi, ta sauka Yamai ta koma ba ta ga shugaban sojojin Janar Tiani ba ba ta ga Bazoum ba. Faransa tana da soja wajen 1,500 a ƙasar, ta fara da cewa ba ta san da wannan gwamnati ba, amma ran 22 ga Disamba na ƙarshensu ya tashi. Mu nan abin da muka fi ji a jikinmu rufe iyaka ne da yanke wutar Najeriya, garin da rabin kasuwarsa ta hanyar Matamaye da Daura da Kano take shigowa, shinkafa da magani suka yi tashin gwauron zabi.

Sauran duniya

A 1492 ran 3 ga Agusta Kolombus ya tashi daga tashar Palos ta Sifen da jiragen ruwa uku, yana neman hanyar Indiya ta yamma, ran 12 ga Oktoba ya faɗa tsibiran Amurka. A 1914 Jamus ta ƙaddamar da yaƙi kan Faransa, yaƙin duniya na farko ke nan yana buɗewa, kuma tartsatsinsa ya iso nan, an ɗebi samari soja, sannan a ƙarshen 1916 Kawusan, madugun Abzinawa, ya kewaye barikin Nasara a Agadas, daga Zinder rundunar da ta je ta kwance shi a Maris 1917 ta tashi.

A 1979 Teodoro Obiang ya kifar da Macias Nguema a Gini Ekwatoriya, ɗan uwansa na jini, mutumin da ya kashe jama'a ba adadi, a watan Satumba aka harbe Macias ɗin. Obiang ɗin ya shafe sama da shekara 40 a kujerar.

Na 2005 ya fi daɗin labari. Ma'awiya Ould Taya na Muritaniya ya tafi Saudiyya jana'izar Sarki Fahad, yana hanya sojoji ƙarƙashin Kanar Ely Ould Mohamed Vall suka karɓe Nuwakcot, jirginsa ya rasa inda zai sauka sai Yamai, Tandja ya tarbe shi. Daga baya ya wuce Gambiya sannan Katar. Abin dariyar shi ne shi ma haka ya yi a 1984, ya jira shugaba Haidalla ya tafi taro Bujumbura ya haye kujerarsa. A 2011 kuwa, farkon azumi, duniya ta ga Husni Mubarak kwance a gadon asibiti cikin kejin kotu a Alƙahira, mutumin da ya yi shekara kusan 30 yana mulkin Masar. A 2014 ƴan Da'ish suka afka wa Sinjar a Iraƙi suka yi wa Yazidawa kisan kiyashi suka kwashe mata da yara.

Waɗanda aka haifa

Wanda aka fi sani a nan ba shakka Lucky Dube ne, an haife shi 1964 a Ermelo ta Afirka ta Kudu. Da kiɗan Zulu ya fara, a 1984 ya koma rege, gwamnatin wariyar launin fata ta hana faifansa na farko na rege. Duk wanda ya yi samartaka a shekarun 1990 ya san kasetinsa a fada, ana shayi ana juya shi ko ba a jin turancin. Ɓarayin mota suka harbe shi a Johannesburg ran 18 ga Oktoba 2007, yana da shekara 43, a gaban ƴaƴansa.

Habib Burgiba na Tunusiya, a takardun hukuma 3 ga Agusta 1903 aka rubuta masa, a garin Monastir. Shi ne shugaban ƙasar na farko daga 1957, ya hana auren mace fiye da ɗaya a doka, ya zuba kuɗi a karatu, har ya taɓa shan lemo a bainar jama'a da rana tsaka cikin azumi wai don mutane su yi aiki, abin da malamai ba su taɓa yafe masa ba. Ran 7 ga Nuwamba 1987 Ben Ali ya tara likitoci suka ce tsufa ya ci ƙarfinsa, aka ajiye shi. Jonas Savimbi na Angola 1934, madugun UNITA, shekara da shekaru yana yaƙi, aka kashe shi a Fabrairu 2002, ko wata biyu ba a yi ba aka tsagaita wuta. Marigayi Shenuda na Uku, wanda ya shugabanci Kiristocin Kibɗawan Masar, 1923.

A ƴan wasa akwai Ossie Ardiles na Ajantina 1952 da ya ci kofin duniya na 1978, da Corentin Tolisso 1994 wanda mahaifinsa asalin Togo ne, ya ci na 2018 da Faransa, da Sunil Chhetri 1984 da ya ci wa Indiya ƙwallo sama da 90, da Sonny Bill Williams 1985 ɗan rugubin New Zealand da ya musulunta. Tom Brady 1977, ɗan ƙwallon Amurka, shi kuma a Amurka sarki ne, kofin Super Bowl bakwai, a nan ko ɗan kabu-kabu bai san shi ba.

Wasanni

A 1936 Jesse Owens, baƙar fatar Amurka, ya ci tseren mita 100 a Berlin cikin daƙiƙa 10.3, a wasannin da Hitila ya shirya don nuna fifikon jinsinsa. Zinariya huɗu ya kwasa kafin a tashi. A 1949 ƙungiyoyi biyu na ƙwallon kwando suka haɗe aka samu NBA ta Amurka.

Amma ranar ta ƴan Najeriya ce, Asabar 3 ga Agusta 1996, wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa a Olimfik ɗin Atlanta, a garin Athens na jihar Jojiya, mutum sama da dubu 86 a fili. Kwana uku kafin nan sun riga sun yi abin mamaki, Burazil tana gaba da 3 da 1 suka farke, Kanu ya ci biyu aka tashi 4 da 3. Da Ajantina kuma minti uku kacal Claudio Lopez ya zura, Celestine Babayaro ya rama da ka, bayan hutun rabin lokaci Collina mai sanƙo ya ba da fenariti Crespo ya ci, Daniel Amokachi ya sake farkewa a minti 74, sai ana gab da hura tashi aka samu bugun tazara, ƴan bayan Ajantina suka ruga gaba don su kama su ofsaid amma lissafin bai yi ba, Emmanuel Amunike ya tsinci kansa shi kaɗai ya buga, 3 da 2. Karon farko ke nan da wata ƙasar Afirka ta ci zinariyar ƙwallon ƙafa a Olimfik. A tawagar akwai Tijani Babangida da Garba Lawal, ga Amokachi da Babayaro duk ƴan Kaduna, shi ya sa nan ma ba a ɗauke ta nasarar maƙwabta ba, tamu ce, balle shekarar ba ta yi wa Damagaram daɗi ba, a Janairu Bare ya sauke Mahamman Usman ɗan garin nan. A wannan ranar dai Vénuste Niyongabo ya ci wa Burundi zinariyar mita 5,000 ƙasarsa tana cikin yaƙi.

A 2017 PSG ta biya Barcelona yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar, a kuɗinmu ya haura sefa biliyan 145, kuma kofin zakarun Turai da aka sayo shi dominsa bai ci musu ba har ya bar kulob ɗin a 2023. A 2021 a Tokyo Karsten Warholm na Norwe ya yi mita 400 na tsallake shinge a daƙiƙa 45.94, Blessing Oborududu ta samo wa Najeriya azurfa a kokawa, Ese Brume tagulla a dogon tsalle. A 2024 a Paris Julien Alfred ta ci mita 100 na mata a 10.72 ana ruwan sama, lambar Olimfik ta farko a tarihin tsibirin Saint Lucia, ƙasar da yawan mutanenta bai kai na birnin Zinder ba.