Waiwaye: yadda aka gano aikin jan ƙarfe a jinin kaza

Mu masu kiwon kaji da zarar mun ga zankon kaza ya koɗe sai mu ce jini ya yi ƙasa, a nemo maganin ayon, wato sinadarin ƙarfe, shikenan. To amma wannan magana an daɗe da gano ba nan ta tsaya ba.

Tun a 1928 wasu masana a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, su Hart da Elvehjem, suka riƙa ba ɓeraye madara zalla har jininsu ya ƙare, aka ba su ayon mai tsabta amma shiru, sai da aka haɗa da ɗan sinadarin jan ƙarfe kaɗan sannan jini ya dawo. Shekara na zagayowa suka gwada a kan 'yan tsaki, abin dai ɗaya ne. Sai dai a lokacin ba wanda ya san me jan ƙarfen ke yi a ciki.

A 1948 ne Holmberg da Laurell a ƙasar Suwidin suka tsamo wani furotin mai launin shuɗi daga ruwan jini, suka sa masa suna serulofilasmin, ma'anar sunan ma shuɗin abu na ruwan jini kenan. Hanta ce ke ƙera shi kuma kowane guda yana ɗauke da ƙwayar jan ƙarfe shida. An daɗe ana zaton aikinsa dako ne kawai, ya ɗauko ya kai, har zuwa 1966 da Osaki da Frieden suka nuna cewa shi ne ke juya ayon ya koma yanayin da jini zai iya ɗaukarsa daga ma'ajiya ya kai ɓargo. Kenan kaza za ta iya samun ayon jibge a hanta amma tana fama da ƙarancin jini, kamar mai hatsi cike da rumbu amma babu tsanin hawa. Wallahi wannan wurin ya fi tsaya min a rai saboda nawa muka kashe wajen ɗura ayon ba tare da mun duba abincin ba.

Abin da ya bambanta kaza da mutum shi ne furotin ɗin kaɗan ne a jininta idan tana lafiya, amma da cuta ta shiga, irin su koksi mai sa kashin jini, sai hanta ta ƙara fitar da shi, shi ya sa masu bincike ke auna shi su gane garke na fama da ciwo. A 1961 kuma O'Dell da abokan aikinsa a Missouri suka ga tsakin da aka hana jan ƙarfe babbar jijiyar jininsu na fashewa su faɗi matattu, don akwai wani furotin ɗin daban mai ƙarfafa bangon jijiya, shi ma sai da jan ƙarfe yake aiki. Kaji masu ƙwai kuma in jan ƙarfe ya yi musu ƙaranci sai ka ga ƙwai lauje ko ba ɓawo.

Buƙatar jan ƙarfen fa ba yawa, ma'aunin Amurka na 1994 miligiram 8 ya ce a kilo ɗaya na abincin buroila, kuma firimis mai kyau, wato garin bitamin da sinadarai da ake haɗawa a abinci, yana ɗauke da shi. Amma wasu manyan gonaki kan zuba miligiram 125 har 250 don kaji su yi saurin girma, abin da kan iya cinye fatar ƙundu, sauran kuma ya bi kashi ya taru a gona. Tarayyar Turai ta taƙaita shi a 25. Ni dai in kana haɗa abinci da kanka a gida, auna firimis ɗinka a sikeli, kar ka yi da ido.