Wata uku da takarda: me Dokar Ƙwadago ta ce game da aikin wucin gadi?

Matasa da yawa da ke leburanci a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano sun ɗauka doka ta ce da mutum ya cika wata uku a wurin aiki, dole a mayar da shi ma'aikacin dindindin. Ba haka sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya faɗa ba. Abin da ya wajabta shi ne, kafin wata ukun ya wuce, mai kamfani ya ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sunayensu, irin aikin, yawan albashi da yadda za a riƙa biyansa, lokutan aiki, hutu, da ranar ƙarewar kwantiragi idan mai wa'adi ne.

Takardar ce wasu kamfanoni ke gudu, domin sauran haƙƙoƙi suna ƙaruwa ne da tsawon lokacin da mutum ya yi a jere. Sashe na 11 ya ce wanda bai haura wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya ta wadatar a sallame shi. Bayan wata uku sai mako ɗaya, daga shekara biyu mako biyu, daga shekara biyar wata guda. Hutun shekara mai albashi, aƙalla kwana shida na aiki, sai an yi wata 12 ba yankewa. Saboda haka wasu kamfanoni kan sallami yaro ana gab da cika wata uku, ya huta 'yan kwanaki, a sake ɗaukarsa kamar baƙo, ko a bi ta hannun ɗan kwangilar samar da ma'aikata.

A nan ɓarnar take. Saurayi ya shekara biyar yana sarrafa injin roba, ya iya aikin fiye da wanda aka ɗora a kansa, amma ba shi da ko shafi ɗaya da zai nuna a wani kamfanin. Ba a tura shi horo, ba a ƙara masa matsayi. Ba a buɗe masa asusun fansho ba, alhali dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin, ma'aikaci kashi 8. Mafi ƙarancin albashi na N70,000 ma bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin jinga.

Akwai wurin da doka ba ta bambanta ɗan wucin gadi da na dindindin ba: Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da ɗan wucin gadi, idan inji ya ci masa yatsa, ta hannun NSITF, asusun inshorar ma'aikata na gwamnati.

Ƙara kuwa tana zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. Alƙali zai nemi shaida, don haka katin shiga ƙofa, saƙon banki na albashi da hoton rajistar sa hannu duk abin adanawa ne.