Kurma ba bebe ba ne

An daɗe ana cewa duk yaron da aka haifa kurma, bebe ne. Ba haka ba ne, kuma maganar tana ci mini rai. Yawancinsu maƙogwaro da harshe lafiya lau. Muryarsu ce ba sa ji, balle su gyara ta.

To, ido yana iya taimakon kunne. Tun shekarun 1980 kamfanin IBM ya fito da manhajar SpeechViewer. Yaro ya ce "aaa" a makirufo, sai balan-balan ta kumbura a allon kwamfuta. Ya ɗaga murya, ta ƙara girma. Ya gani da idonsa, ya sake gwadawa.

Sai dai na'urar ba ta maye gurbin malami ko maganar hannu.