Waiwaye: Yadda ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta sake tayar da maganar 'yancin Scotland

Ranar 23 ga Yunin 2016 mutanen Birtaniya suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan ko ƙasarsu ta ci gaba da zama a Tarayyar Turai ko ta fice. Masu son ficewa suka yi rinjaye da kusan kashi 52 cikin ɗari. Da aka baje taswirar sakamakon sai aka ga ƙasar ta rabu gida biyu. Ingila da Wales sun ce a fita. Ireland ta Arewa ta ce a zauna da kusan kashi 56. Scotland kuwa ta ce a zauna da kashi 62, kuma a ƙananan hukumominta 32 babu ko ɗaya da masu son ficewa suka ci, ko da yake a Moray ƙuri'a 122 kacal ta raba su. Duk da haka aka fita da ita, domin ƙuri'ar ta ƙasa ce baki ɗaya, kuma mutanen Ingila sun ninka na Scotland kusan sau goma.

Tun daga ranar maganganu biyu suka sarƙe da juna, ta fita daga Turai da ta fita daga Birtaniya. Wanda duk ya bi tarihinsu zai ga cewa hujjar da kowane ɓangare ke kafawa a ɗaya, ita yake ƙaryatawa a ɗayar.

Ita kanta haɗewar Scotland da Ingila kasuwa ce ta kawo ta. Tun 1603 sarki ɗaya ke mulkin ƙasashen biyu, amma kowace da majalisarta da kuɗinta da kwastan ɗinta. A 1698 Scotland ta so ta kafa nata yankin mallaka a Darien, cikin Panama ta yau, don ta riƙa ciniki tsakanin tekuna biyu. Attajirai da masu ƙaramin ƙarfi suka zuba dukiya. Zazzaɓi da yunwa da sojojin Sifaniya suka watsa shirin cikin shekara biyu, mafi yawan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, ƙasar ta tashi a karye. Ana cikin haka, a 1705, majalisar Ingila ta yi dokar da ta yi barazanar hana shigo da shanu da kwal da yadin Scotland matuƙar ba a zauna batun haɗewa ba. A 1707 aka haɗe. Scotland ta rufe majalisarta, ta samu shiga kasuwar Ingila da ta yankunan da Ingila ta mallaka, aka kuma ba ta fam 398,085, wanda wani kaso nasa ya tafi wajen biyan waɗanda suka yi asara a Darien. Ta riƙe dokokinta da cocinta da tsarin makarantunta, kuma waɗannan ne suka sa har yau mutumin Scotland ba ya ɗaukar kansa ɗan wani lardi na Ingila.

Sama da shekara ɗari biyu cinikin ya yi wa Scotland riba. Glasgow ta yi arziki da taba da sukari, daga baya da ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Clyde. Jam'iyyar masu neman 'yanci, SNP, da aka kafa a 1934, ta daɗe ba a kulawa da ita. Sai da daular Birtaniya ta ruguje, masana'antu suka fara rufewa, sannan Winnie Ewing ta ci kujerar Hamilton a zaɓen cike gurbi na 1967. Da aka gano man fetur a Tekun Arewa jam'iyyar ta samu taken da ya shiga kunnen talaka, cewa man na Scotland ne, kuma a zaɓen Oktoban 1974 ta ci kujeru 11 da kusan kashi 30 na ƙuri'un yankin.

A nan ne abin da mutane da yawa suka manta yake. Birtaniya ta shiga ƙungiyar tattalin arzikin Turai ranar 1 ga Janairun 1973, bayan shugaban Faransa Charles de Gaulle ya tare mata hanya sau biyu, a 1963 da 1967. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1975 kan ko a zauna, SNP kamfen ɗin a fita ta yi. Hujjarta ita ce Landan ta riga ta yi nisa da mutanen Scotland, balle Brussels, hedkwatar ƙungiyar. Birtaniya baki ɗaya ta ce a zauna da kashi 67, Scotland da kashi 58 kawai, kuma yankuna biyu rak da suka ce a fita a duk faɗin ƙasar tsibiran Scotland ne, Shetland da Tsibiran Yamma. A lokacin jam'iyyar Conservative ce ke tallar Turai, shugabarta Margaret Thatcher na gaba-gaba.

Shekarun 1980 ne suka juya komai. Thatcher, wadda ta zama firaminista, ta amince da yarjejeniyar 1986 da ta share fagen kasuwar bai ɗaya, amma a jawabinta na Bruges a 1988 ta ja daga da yunƙurin mayar da Turai gwamnati guda, daga nan jam'iyyarta ta fara juya wa Brussels baya. A Scotland kuwa ana rufe ma'adinan kwal da masana'antu, aka kuma fara karɓar harajin kai a can a 1989, shekara guda kafin Ingila, daga gwamnatin da yawancinsu ba su zaɓa ba. A 1988 ɗin ne SNP ta rungumi taken 'yanci a cikin Turai. Dabara ce mai kaifi. Kullum abin da ake tsorata mutane da shi shi ne ƙaramar ƙasa za ta rasa kasuwa idan ta ware. To, idan Ingila da Scotland duk suna cikin kasuwa ɗaya ta Turai, rabuwa ba za ta kawo shingen kwastan ba, tuta da majalisa kawai za a raba. Ga Ireland da Denmark nan, ƙanana ne, kowace da kujerarta a teburin Brussels. Jim Sillars, wanda ya ci kujerar Govan a wannan shekarar, na cikin manyan masu tallar wannan tunani. Shi ɗin ne kuma, a 2016, ya fito ya goyi bayan ficewa daga Turai.

A 1979 an yi ƙuri'a kan kafa wa Scotland majalisar yanki, masu so suka yi rinjaye kaɗan, amma sharaɗin cewa sai kashi 40 na duk masu rajista sun amince ya kashe maganar. A 1997 aka sake, kashi 74 suka amince, majalisar ta buɗe a Edinburgh a 1999. 'Yan jam'iyyar Labour da suka kafa ta sun zaci za ta kwantar da ƙishin 'yanci. Sai ga shugaban SNP Alex Salmond ya kafa gwamnati a 2007, a 2011 kuma SNP ta ci kujeru 69 cikin 129, a tsarin zaɓen da aka tsara don ya yi wuya jam'iyya ɗaya ta samu rinjaye. Firaminista David Cameron ya amince a yi ƙuri'ar 'yanci, suka sa hannu a yarjejeniyar Edinburgh a Oktoban 2012.

A kamfen ɗin 2014 Turai na cikin manyan makaman masu son a zauna a Birtaniya. Shugaban hukumar Tarayyar Turai na lokacin, José Manuel Barroso, ya ce zai yi matuƙar wuya, in ma zai yiwu, Scotland mai 'yanci ta samu shiga ƙungiyar, tunda sai kowace ƙasa ta amince, ga Sifaniya na fama da nata masu son warewa a Kataloniya. Ministan kuɗi George Osborne ya ce wanda ya bar Birtaniya ya bar fam. Masu kamfen ɗin a zauna suka riƙa gaya wa jama'a cewa hanyar rasa zama ɗan Turai ita ce zaɓar 'yanci. Ranar 18 ga Satumba kusan kashi 85 na masu rajista suka fito, har da 'yan shekara 16 da 17, kashi 55 suka ce a zauna. Ba a cika shekara biyu ba aka kaɗa ƙuri'ar da ta fitar da su daga Turai ta ƙofar da aka ce musu ita ce a rufe.

Wannan ne ƙashin bayan hujjar masu neman 'yanci a yau, kuma a ganina hujja ce mai nauyi. Takardar manufofin SNP ta zaɓen 2016 ta faɗa tun kafin ƙuri'ar Turai cewa idan aka fitar da Scotland ba da son ranta ba, majalisar yankin na da damar neman sabuwar ƙuri'a. Nicola Sturgeon, wadda ta gaji Salmond, ta fara da neman sulhu: a Disambar 2016 gwamnatinta ta ba da shawarar a bar Scotland a kasuwar bai ɗaya ko da sauran Birtaniya ta fita. Landan ba ta karɓa ba. A Maris ɗin 2017 ta nemi izinin ƙuri'a ta biyu, firaminista Theresa May ta ce yanzu ba lokacinsa ba ne. Boris Johnson, wanda ya gaje ta, ya ƙara da cewa ai su Salmond da bakinsu suka ce ƙuri'ar 2014 dama ce ta sau ɗaya a rayuwar tsara guda.

Laifi tudu ne. Waɗanda suka cika ƙasar da kiran a dawo da iko gida, suka ce 'yancin yin doka ya fi ribar kasuwa, su ne ke gaya wa Scotland cewa hauka ne mutum ya bar babbar kasuwarsa saboda tuta. Su kuma 'yan SNP da suka yi shekaru suna bayanin asarar da ke cikin kafa shinge tsakaninka da maƙwabcin da ka fi ciniki da shi, da an zo kan Ingila sai murya ta yi ƙasa. Wajen kashi 60 na abin da Scotland ke sayarwa a waje sauran sassan Birtaniya yake tafiya, fiye da abin da take kai wa ƙasashen Tarayyar Turai gaba ɗaya nesa ba kusa ba. Dabarar 1988 ta tsayu ne a kan cewa Ingila na cikin Turai. Yanzu da ta fita, Scotland mai 'yanci da ta koma ƙungiyar za ta mayar da iyakarta da Ingila, mai tsawon kilomita 150 da 'yan kai, iyakar Tarayyar Turai, da takardun kwastan da binciken nama da madara a kan babbar hanyar da ta bi ta Gretna. Ficewar ta ƙara wa masu neman 'yanci hujjar siyasa, ta kuma tsadantar da abin da suke nema.

Yadda irin wannan shinge yake a aikace, masu sayar da kifin Scotland sun ɗanɗana. Garuruwan masunta irin su Peterhead da Fraserburgh sun daɗe da jin haushin dokar kamun kifi ta Turai, wadda ta ba jiragen wasu ƙasashe kaso mai tsoka a ruwansu, kuma daga irin waɗannan wurare ne aka samu wani ɓangare na mutum fiye da miliyan ɗaya da suka zaɓi ficewa a Scotland. Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairun 2020, sababbin ƙa'idoji suka fara aiki a farkon 2021. Ƙaguwa da jatan lande da ake ɗorawa a mota da ransu su isa kasuwannin Faransa da Sifaniya cikin kwana ɗaya ko biyu suka koma jiran takardar lafiya da ta kwastan, kaya na lalacewa a hanya. A wannan watan na Janairu direbobi suka jera manyan motocin kifi a kusa da fadar firaminista a Landan don nuna fushi.

Batun kuɗi ma bai warware ba. SNP ta ce za a ci gaba da amfani da fam na wani lokaci kafin a buga kuɗin ƙasa, alhali sabuwar mamba a Tarayyar Turai kan yi alkawarin karɓar yuro, ko da yake Sweden ta nuna ana iya jan ƙafa shekara da shekaru. Man da aka dogara da shi ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, rijiyoyin kuma sun tsufa.

Ƙuri'un jin ra'ayi sun taɓa nuna masu son 'yanci sun kai kashi 58 a Oktoban 2020, lokacin annobar korona, amma galibi ƙasar a rabe take kusan biyu daidai. Bayan SNP da jam'iyyar Greens sun samu rinjaye a zaɓen 2021, Sturgeon ta sa ranar 19 ga Oktoban 2023 don ƙuri'a ta biyu, aka kai maganar kotun ƙoli. Ranar 23 ga Nuwamban 2022 alƙalan suka yanke, baki ɗaya, cewa majalisar Edinburgh ba ta da hurumin shirya irin wannan ƙuri'a sai da amincewar Westminster, wato majalisar Birtaniya. Sturgeon ta sauka a 2023, Humza Yousaf ya yi shekara guda da 'yan makonni, John Swinney ya karɓa, a zaɓen majalisar Birtaniya na Yulin 2024 kuma jam'iyyar da ta ci kujeru 56 cikin 59 a 2015 ta tashi da tara.

Hukuncin kotun ya fito da wani bambanci tsakanin haɗakar biyu. Tarayyar Turai, wadda aka yi ta zargi da danne ƙasashe, tana da sashe na 50 a yarjejeniyarta: Theresa May ta aika wasiƙa ranar 29 ga Maris ɗin 2017, ba ta nemi izinin kowa a Brussels ba. Haɗakar 1707 ba ta da irin wannan sashe. A cikin Birtaniya Ireland ta Arewa ce kaɗai doka ta buɗe wa hanya. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta wajabta wa ministan Birtaniya mai kula da yankin ya kira ƙuri'a idan ya ga alamar mafi rinjaye na son haɗewa da Jamhuriyar Ireland, kuma a Afrilun 2017 shugabannin Turai sun amince cewa idan hakan ta faru yankin zai shiga ƙungiyar kai tsaye. Don gudun kafa shinge a tsibirin Ireland an kuma bar yankin yana bin dokokin kasuwar Turai kan kayayyaki, kusan irin abin da Edinburgh ta roƙa a 2016 aka hana ta, duk da cewa kaso na masu son zama a Turai ya fi yawa a Scotland.