Ingancin Ruwa

Ingancin ruwa shi ne yanayin da ruwa ke ciki, wato abin da ke narke ko yake yawo a cikinsa, da ko ya dace a sha, a yi girki, a yi ban ruwa ko kifi ya rayu a ciki. Wani ruwan za ka gan shi garau a kofi, ba wari ba launi, amma cike yake da ƙwayoyin cuta ko guba, shi ya sa masana ba sa yarda da ido sai an kai shi ɗakin gwaji. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya bai kamata a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha ba, don ganinta na nuna kashi ya shiga ruwan.

Kashi dai shi ne babbar matsalar. Hukumar ta ce a 2022 aƙalla mutum biliyan 1.7 ne ke shan ruwan da bahaya ya gurɓata, kuma ta nan kwalara da taifot da atini da shan inna ke yaɗuwa, ƙananan yara kuwa su suka fi jigata, gudawar kwana biyu sai ka ga idon yaro ya faɗa, fatarsa in ka tsunkule ba ta komawa da wuri saboda ruwan jiki ya ƙare. Tun 1854 likita John Snow ya bi sawun kwalara a Landan har ya gano famfo ɗaya ne a titin Broad ke yaɗa ta, aka cire hannun famfon.

Gubar sinadari ita a hankali take cin mutum. A Bangaladesh an haƙa rijiyoyin burtsatse masu ɗimbin yawa don a raba jama'a da ruwan tafki, ashe ƙasar wurin na da gubar asenik, sai da shekaru suka ja aka fara ganin tabo a tafin hannu da ƙafa, da cutar kansa. A garin Flint na Amurka an sauya mashayar ruwa a 2014, ruwan ya cinye tsofaffin bututu, dalma ta shiga famfunan gidaje, ita kuwa ƙwaƙwalwar yara take taɓawa. Abin takaici, tafasa ruwa da zuba kulorin suna maganin ƙwayoyin cuta amma ba sa cire asenik ko dalma, sai matatar ruwa ta musamman.

Muhalli ma yana shan nasa. Takin zamani in ruwan sama ya wanke shi zuwa kogi, gansakuka sai ta mamaye, in ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, kifaye su yi ta tasowa a mace, haka ke faruwa duk bazara a Tekun Meziko inda kogin Misisipi ke zuba. A Minamata ta Japan kuwa zaibar masana'anta ce ta taru a jikin kifi, masu cin kifin suka kamu da cutar jijiya da aka gano a 1956.

Gyara na yiwuwa, kurkunu shaida ne: a 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 na fama da shi, a 2022 mutum 13 kacal aka samu, an cimma hakan galibi da tace ruwa da ƙyalle da hana masu ciwon shiga tafki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ruwa mai tsabta a matsayin haƙƙin ɗan Adam a 2010, kuma na 6 a cikin muradunta na ci gaba mai ɗorewa shi ne kowa ya samu kafin 2030.