Waiwaye: Jack Kyle, gwanin zari-ruga da ya zaɓi ɗakin tiyata a Zambiya

Lokacin da Jack Kyle ya rasu a ƙarshen watan Nuwamba na 2014 yana da shekara 88, jaridun Ireland sun cika da labarin 1948. A shekarar ce ƙungiyar zari-ruga ta Ireland ta doke Faransa da Ingila da Scotland da Wales a gasa ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Kyle ne ke tsakiyar fili yana raba ƙwallo, a lokacin kuma ɗalibin likitanci ne a Jami'ar Queen's da ke Belfast a Arewacin Ireland, garin haihuwarsa. A Belfast ɗin ma aka buga wasan ƙarshe da Wales, aka tashi 6 da 3.

Ya buga wa Ireland wasa 46 daga 1947 zuwa 1958, adadin da babu wanda ya kai a duniya sa'ad da ya ajiye wasa. A 2002 aka zaɓe shi ɗan wasan zari-ruga mafi gwaninta da ƙasar ta taɓa samu. Kuma ya kamata a tuna, a wannan wasa Arewacin Ireland da Jamhuriyar Ireland ƙungiya ɗaya suke fitarwa, don haka Kyle na ɓangarorin biyu ne duka.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni ya zo ne bayan ya rataye takalmi. Mutumin da zai iya zama a gida ana girmama shi har tsufa, sai ya tattara ya tafi tsibirin Sumatra na Indonesiya aikin jinƙai a farkon shekarun 1960. A 1966, shekara biyu da samun 'yancin Zambiya, ya sauka a Chingola, garin masu haƙar jan ƙarfe. Nan ya zauna yana tiyata har zuwa 2000. Shekara 34 ke nan, kusan ninki uku na zamanin da ya yi a fili. A cikinsu farashin jan ƙarfe ya faɗi, tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, cutar ƙanjamau ta shigo ta yi ɓarna, shi kuwa yana nan bakin aikinsa. A ganina masu rubuta tarihinsa ba su ba wannan ɓangare haƙƙinsa ba, don galibi a layi biyu suke wuce shi.

Bayan ya koma gida ya zauna a gundumar Down. Sai da Ireland ta jira shekara 61 kafin ta maimaita nasarar 1948. Ranar da hakan ta faru a Cardiff, cikin Maris na 2009, Kyle na filin yana da shekara 83, aka ɗauki hotonsa yana taya kyaftin Brian O'Driscoll murna.