RAID 0 ɗinka ya lalace? Karanta wannan kafin ka taɓa komai

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya. Duk lokacin bukukuwa sai an shigo min shago a nan Gombe da faifan ajiya guda biyu a leda, yawanci ƙannenmu masu editin bidiyon biki, ido ya raina fata, aikin mutane ya maƙale a ciki kuma uwar amarya sai kira take. To ga amsoshin a rubuce, wanda ya sake tambayata nan zan turo shi.

Windows ta ce in yi fomatin, in danna?

A'a. Kar ka danna komai, kar ka bari chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai da gyara shi, ta yi aiki, kar ka sake haɗa sabon RAID a kansu. Kashe kwamfutar.

Wai mene ne ma RAID 0 ɗin?

Faifai biyu ko fiye ne aka haɗa suka zama kamar ɗaya. Duk fayil ɗin da ka ajiye ana yanka shi gunduwa-gunduwa, sau da yawa 64KB ko 128KB, a mdadm, manhajar haɗa RAID ta Linux, kuma 512KB, a jefa wannan gunduwar a faifai na farko ta gaba a na biyu, haka har ƙarshe. Shi ya sa yake da gudu. Kamar ka rubuta wasiƙa ne, layi ɗaya a wannan takarda layi ɗaya a waccan.

Ai ni an ce min RAID kariya ce

Wanda ya faɗa maka bai ƙarasa maganar ba. RAID 1 ne ke ajiye kwafi biyu, RAID 5 kuma yana da lissafin da ake sake gina faifai ɗaya da shi. Ko takardar da Patterson da Gibson da Katz suka fitar a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1988 daga 1 zuwa 5 ta lissafa, babu 0 a ciki. Shi 0 ba ya kare komai, ƙara haɗari ma yake, don ko wanne ya mutu a cikin biyun ya tafi da aikin duka.

Ɗayan lafiya lau yake, ba sai a ciro min rabin fayilolin ba?

Ba rabin fayiloli ke ciki ba ƙanena, rabin kowane fayil ne. Hoto mai 5MB in an yanka shi 128KB gunduwa 40 ke nan, 20 suna cikin wanda ya mutu. 'Yan ƙananan takardu da ba su kai girman gunduwa ɗaya ba za a iya dacewa da wasu, bidiyo kam babu.

In sa shi a firiza?

Kar ka soma. Raɓa ce za ta taru a ciki.

To in buɗe in duba?

Da wannan ƙurar tamu? A cikin faifan akwai faranti mai juyawa da ɗan kai mai karanta bayanan da ke kansa, tsakaninsu bai kai kaurin ƙwayar ƙura ba. A ɗaki na musamman mai tace iska ake buɗe shi, ba a kan tebur ba.

Faifai ɗaya wani lokaci ya fito wani lokaci ya ɓace, in yi sauri in kwashe abin da zan iya ko in kashe?

Nan ne fa maganar take, kuma ba ta da amsa guda. Fara kasa kunne. In yana ƙwas-ƙwas ko wani ƙara kamar ana kankare tukunya, ko ya fara juyawa ya tsaya, kashe nan take, mai yiwuwa kan ne ya lalace kuma duk minti ɗaya da ka bar shi yana iya karce farantin, abin da aka karce kuma ba ya dawowa. Wannan sai masu kayan aiki na musamman, kuma ko su sai sun samo faifai irinsa sak sun ciro kai.

In kuwa shiru yake sai dai nauyi da maƙalewa, to wataƙila wasu gurabe ne suka lalace, wataƙila ma kebul ne ko abin ba da wuta, don na sha ganin an tada hankali ashe kebul ɗin SATA ne ya saki, saboda haka canza kebul tukuna. In bai gyaru ba, ni dai ba na son a ja folda ta Windows, don da ta ci karo da gurbin da ya lalace sai ta tsaya tana ta nanatawa a wuri ɗaya har ta ƙarasa faifan. Abin da nake yi shi ne in ɗauki kwafin kowane faifai ɗungurungum da ddrescue, manhajar kwafar faifai mai matsala, in fara da maras lafiyar. Shi ddrescue yana fara kwashe wuraren da ke karantuwa ya tsallake masu wuya sai daga baya, kuma yana rubuta inda ya tsaya, ko an ɗauke wuta za ka ci gaba daga nan. Duk da haka kar ka fara sai da inbata ko UPS, aikin na iya cin kwana biyu ko fiye kuma faifan da ke jinya ba ya son kashewa da kunnawa.

Amma fa in abu ɗaya tak kake nema, misali bidiyon ɗaurin aure guda, kuma RAID ɗin yana buɗewa yanzu haka ba wani ƙara, ba zan ce maka laifi ne ka ja shi ba. Caca ce dai. In ya maƙale sau ɗaya ka haƙura, kar ka ce bari in sake gwadawa.

Bayan an samu kwafin a kansu ake aiki, na asalin a ajiye su gefe. Sai a gano wanne ne na farko, nawa ne girman gunduwa, daga ina bayanan suka fara, a haɗa su a manhaja irin R-Studio ko UFS Explorer ko DMDE. In ka ga sunayen fayiloli kar ka yi murna tukuna, buɗe babban hoto ko bidiyo, in ya fito a hargitse to jerin ko girman gunduwar ba daidai ba ne. Ka kuma tanadi wuri, faifai biyu masu 2TB suna son 4TB na kwafi, ga wani wurin daban na zuba abin da aka ciro.

Modabod ɗina ce ta ƙone, shi ke nan?

Kwantar da hankalinka Malam, wannan shi ne mai sauƙin. In faifan biyu lafiya suke bayananka na nan, haɗa su kawai za a yi a manhaja. Sai dai in akwatin waje ne mai faifai biyu kar ka yar da akwatin, wasunsu suna kulle bayanai a allonsu.

Na riga na danna fomatin

Haba ɗan'uwa. To in mai saurin ne akwai sauran fata a faifai mai juyawa, don bai goge ainihin bayanan ba. A SSD kuma, wato faifan da ba ya juyawa, tsarin TRIM mai share gurbin abin da aka goge na iya share su cikin ɗan lokaci. Kar ka sake ajiye ko fayil ɗaya a kai. Cire wuta, ka manna takarda a kowanne ka rubuta ramin da ka zare shi, ka kawo min su biyun tare da kebul ɗinsu.